Kiran da Ke Tashi Daga Legas Ya Rasa Wurin Sauka

A kasuwar Mile 12, a layin 'yan albasa, akwai wani dillali da nakan zauna a rumfarsa idan na je sayayya. Mutumin wani ƙauye ne a jihar Kebbi, yana da wayoyi biyu masu ɗauke da layuka huɗu, amma duk da haka ba ya samun ƙanensa da ke kula da gonarsu da rumbun ajiyarsu sai sau ɗaya a yini, bayan sallar la'asar, domin a lokacin ne yaron yake hawa babur ya fita bayan gari zuwa wani tudu inda sabis ke ɗan leƙowa. Ranar da na ga abin da idona, farashin albasa ya tashi tun da hantsi saboda motocin da ake jira ba su iso ba, shi kuwa yana so a loda masa kaya a daren, amma haka ya zauna yana jujjuya waya a hannu har rana ta yi sanyi. Da kiran ya shiga, na ji muryar ƙanen daga nesa tana cewa, "Yaya, faɗi da sauri, sanda ɗaya ce, yanzu za ta ɗauke." Ba su gama lissafin buhuna ba layin ya tsinke, aka sake kira har sau biyar bai shiga ba, magana ta koma sai gobe, kuma kafin kayansa su taso motocin wasu sun cika kasuwa, farashi ya sauko.

An saba ɗaukar rashin sabis a karkara a matsayin matsalar mutanen ƙauye su kaɗai, abin da ɗan birni zai ji a rediyo ya ce Allah ya kyauta. Bahaushen da ke zaune a Agege ko Idi-Araba ko Alaba Rago ya san cewa zancen ya fi haka kusa da shi, domin kowane kira baki biyu gare shi, kuma komai cikar sandunan wayar da ke Legas, amfaninta yana tsayawa ne daidai inda sabis ɗin ɗaya bakin ya tsaya. Mai gadi a Lekki da ke son tura kuɗin taki gida, da mahaucin Oko-Oba da ke jiran labarin tirelar shanu, da matar da ke son jin lafiyar mahaifiyarta mai hawan jini, dukansu suna biyan kuɗin waya irin na birni amma rabin amfanin suke samu. Saboda haka ya kamata mu fahimci dalilin da ya sa ƙarfen sabis yake ƙin zuwa wasu garuruwa, da kuma dalilin da ya sa a wasu wuraren yake zuwa, a yi bikin buɗe shi, sannan ya mutu bayan shekara biyu ko uku. A ganina wannan na biyun ne ainihin ciwon, kuma shi ne aka fi kawar da kai daga gare shi.

Kafin shekarar 2001, layukan wayar NITEL a duk faɗin Najeriya ba su kai rabin miliyan ba, kuma ɗan ci-rani a Legas da wasiƙa ko saƙon baki yake jin labarin gida. A watan Janairun 2001, a zamanin mulkin Olusegun Obasanjo, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC, ta yi gwanjon lasisin wayar salula a kan dala miliyan 285 kowanne. MTN da Econet suka fara aiki a watan Agustan shekarar, Globacom ya shigo a 2003 da tsarin cajin kira daƙiƙa-daƙiƙa, Etisalat ya biyo baya a 2008. Kamfanin da ya zuba irin wannan kuɗi tun kafin ya kafa ƙarfe ko ɗaya ba sai an gaya masa inda zai fara ba: Legas da Abuja da Fatakwal da Kano, sai manyan hanyoyin da suka haɗa su, sai hedikwatocin ƙananan hukumomi. Tsarin ya yi nasarar da ta wuce zaton kowa, har layukan da ke aiki yau sun haura miliyan 150. Sai dai tsari ne da ke bin sawun kuɗi, inda sawun ya ɓace nan yake tsayawa, kuma wuraren da suka rage yanzu su ne mafiya wahala: rugage da tungaye da ƙauyukan bayan dutse da tsibiran cikin ruwa.

Hawa tudun da ƙanen dillalin nan yake yi yana da dalili a kimiyyance. Saƙon da ke kai da komowa tsakanin waya da ƙarfe saƙon rediyo ne, kuma ya fi son miƙaƙƙiyar hanya wadda babu dutse ko kurmi ko tudu a tsakani, shi ya sa mutum kan rasa sabis a tsakar gida ya same shi a kan bishiyar bayan gari. Akwai kuma wani abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba. Ƙarfen yana da babbar murya domin manyan na'urori ke tura ta, ita kuwa wayar hannu da ɗan batirinta muryarta ƙarama ce, don haka tana iya jin ƙarfen daga nesa ta nuna sanda ɗaya ko biyu, amma amsarta ta kasa komawa gare shi. Wannan ne asalin ƙorafin nan na "ga sabis amma kira ba ya shiga". Nisan da saƙon ke ci ya danganta da zangon da aka ɗora shi a kai. Ƙananan zanguna, irin su megahaz 700 da 800 da 900, suna tafiya nesa kuma suna ratsa bango da ganye, manyan zanguna kuwa suna ɗaukar kaya mai yawa amma tafiyarsu gajera ce. Lasisin 5G da MTN da Mafab suka saya a watan Disambar 2021, kowanne a kan dala miliyan 273.6, na zangon megahaz 3,500 ne, wanda ya dace da cunkoson Ikeja da Ikoyi amma ba shi ne maganin ƙauyen da gidajensa ke warwatse ba. Abin da karkara ke bukata shi ne ƙananan zangunan, waɗanda tashoshin talabijin na tsohon yayi suka daɗe suna riƙe da wani ɓangare nasu, ga shi kuma aikin mayar da talabijin tsarin dijital, wanda aka ƙaddamar a Jos a 2016, ya yi ta jan ƙafa.

Amma ko da an sami zangon da ya dace, sai an zo kan batun wuta, kuma a nan ne lissafi yake fara rushewa. Ƙarfen sabis ba ya barci, yana cin wuta dare da rana, kuma a mafi yawan ƙasar nan, har da Legas kanta, janareta ne ke riƙe da shi saboda wutar gwamnati ba abin dogaro ba ce. A cikin birni tankar man gas za ta zagaya ƙarafa da dama a yini ɗaya a kan kwalta. A karkara kuwa mota ɗaya za ta yi tafiyar sa'o'i a kan hanyar burji domin ƙarfe ɗaya tak, idan damina ta kankama rafi ya cika ta kasa ƙetarawa, man ya ƙare, janareta ya tsaya, garin ya koma duhu har sai ruwa ya janye. Haka ma idan wata ƙaramar na'ura ta ƙone, injiniyan da zai gyara yana babban birnin jiha, kuma a jerin ayyukan da ke gabansa ƙarfen da ke ɗauke da dubban masu kira ne zai fara zuwa, na ƙauye ya jira. Ga kuma ɓarayin batura da na man, waɗanda suka fi sakewa inda babu ido. Duk wanda ya kwatanta faɗin jihar Legas, wadda ita ce mafi ƙanƙanta a ƙasar nan kuma ba ta kai murabba'in kilomita 4,000 ba, da na jihar Neja mai fiye da murabba'in kilomita 70,000, zai ga cewa ƙarfe ɗaya a Mushin yana iya tara masu sayen kati da data fiye da ƙarafa masu yawa a dajin Neja, alhali na dajin ne ya fi cin kuɗin kulawa.

Sai a ƙara da cewa kusan duk kayan aikin, tun daga eriya har batura da farantan sola, daga waje ake sayo su da dala, kuɗin shiga kuwa da naira ake tara shi. A watan Mayun 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma, a cikin 2024 ta haura 1,500. Yawancin ƙarafan ma ba na kamfanonin wayar ba ne yanzu, domin sun sayar da su ga kamfanonin turaku irin su IHS da ATC suna biyan haya, kuma hayar nan tana motsawa tare da dala da farashin man gas. MTN na Najeriya, wanda ya fi kowa girma, ya bayyana asara a 2023 da kuma 2024, kafin NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari na kuɗin kira da data a watan Janairun 2025. Ƙarin ya yi wa talaka ciwo, ni ma na ji shi a aljihuna, amma gaskiya ita ce kamfanin da ke cikin asara aikin karkara ne abu na farko da yake jingine wa. Abin da ya rage shi ne a tsaya a tabbatar cewa wani kaso na ƙarin ya koma wuraren da ba su da sabis, kada duka ya ƙare a ƙara saurin intanet inda dama akwai shi.

Ƙarfe kuma ba ya aiki shi kaɗai, dole a haɗa shi da sauran duniya. Faifan nan masu kama da ganga da ake gani a jikin turaku su ne ke miƙa saƙo daga wannan ƙarfe zuwa wancan, kuma sai sun ga juna ido da ido, ta yadda idan ɗaya a tsakiyar jerin ya mutu, duk na bayansa sun mutu tare da shi. Hanya mafi inganci ita ce wayar fayiba, siririyar wayar gilashi da ake binnewa a ƙasa. A nan ne bambancin Legas da sauran ƙasa ya fi fitowa fili, domin manyan wayoyin da suka ratso ƙarƙashin teku a gaɓarta suke sauka: MainOne da Glo-1 a 2010, WACS a 2012, Equiano na kamfanin Google a 2022. Ruwa ne ya taru a bakin teku ya rasa magudanar da za ta kai shi tudu. Babban abin da ya daɗe yana hana shimfiɗa fayiba zuwa cikin ƙasa shi ne kuɗin izinin haƙa gefen hanya da jihohi ke karɓa. Tun 2013 Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa ta amince da naira 145 a kan kowace mita, amma jihohi da dama suka ci gaba da karɓar dubbai, sai a 2020 Ekiti ta sauko zuwa 145, Kaduna ta yafe gaba ɗaya, wasu suka bi sahu. Gwamnan da ya ɗauki wannan izini a matsayin hanyar tara kuɗin shiga yana karɓar ɗan abu yau ne ya hana jiharsa babban abu gobe, domin kamfani zai karkata wayarsa zuwa jihar da ta sauƙaƙa. A 2024 gwamnatin tarayya, ƙarƙashin ministan sadarwa Bosun Tijani, ta amince da shirin shimfiɗa ƙarin kilomita 90,000 na fayiba, kuma idan aka aiwatar da shi har ya kai ƙananan hukumomi, zai rage tsadar kowane ƙarfen karkara da za a kafa bayansa.

Akwai wani ɓangare na lissafin da mu mazauna Legas muka fi kowa sani, ko da ba mu taɓa sa shi a takarda ba. A Najeriya mai kira ne yake biya, mai amsawa ba ya biyan ko kwabo. Mutumin ƙauye kuwa ya fi amsa kira a kan yin sa, yakan yi filashin ne kawai ɗansa da ke Legas ya kira shi, kuma sau da yawa ko katin da ke wayarsa daga nan aka tura masa. Ma'ana, kuɗin da ƙarfen ƙauye ya jawo, a Agege da Obalende ake biyan wani babban kaso nasa. Ba na cewa kamfanoni sun jahilci wannan, na'urorinsu suna ƙirga kiran da ya shiga da wanda ya fita. Abin da ba ya shiga littafinsu ko kaɗan shi ne babbar ribar: albasar Aliero da ta iso kasuwa ranar da ake nemanta, kwandunan tumatirin Kadawa da Danja da ba su ruɓe a bakin hanya ba saboda an sami mota a kan lokaci, mai naƙudar da aka kira wa babur cikin dare, kuɗin da ya isa gida ta hannun mai POS maimakon a ɗaure shi a ƙugun direba. Wannan riba ta jama'a ce da ta tattalin arzikin ƙasa, kamfani ba shi da hanyar karɓar rabonsa a ciki, don haka ba zai kafa ƙarfe dominta ba. Duk abin da amfaninsa ya fi kuɗin da yake tarawa yawa, kamar gada ko rijiyar burtsatse ko asibitin karkara, sai hukuma ta sa hannu yake samuwa.

Dokar sadarwa ta 2003 ta hango haka, shi ya sa ta kafa asusun USPF, wanda ake zuba masa wani kaso na kuɗin da kamfanonin ke biyan NCC duk shekara, domin a tallafa wa aikin da kasuwa ba za ta yi da kanta ba. Bisa alkaluman hukumar, a 2013 akwai yankuna 207 da ba su da sabis, masu ɗauke da mutane kimanin miliyan 37, zuwa 2022 sun ragu zuwa 97 masu mutane kimanin miliyan 27. Ci gaba ne, amma duk wanda ya duba zai ga cewa yankunan sun ragu da fiye da rabi, mutanen kuwa ko kashi ɗaya cikin uku ba su ragu ba, kuma miliyan 27 ba ƙaramin taro ba ne. Tsarin faɗaɗa intanet na ƙasa na 2020 zuwa 2025, wanda aka ƙaddamar a zamanin minista Isa Ali Pantami, ya sa burin kai intanet mai sauri ga kashi 70 cikin ɗari na jama'a, amma wa'adin ya cika ana wajen rabi. Inda nake ganin gyara ya fi zama dole shi ne yadda ake fasalta tallafin kansa. Mun saba da tallafin gini: a ba da kuɗi a kafa ƙarfe, a yanka kyalle, a rubuta a rahoto cewa an rufe giɓi. Alhali tsadar ƙarfen karkara a ciyar da shi take, wato mai da gadi da gyara da canjin batura idan sun gaji. Idan kuɗin da garin ke tarawa a wata bai kai na ciyarwar ba, ranar da tallafi ya ƙare ranar ce ƙarfen ya fara mutuwa, sai ya zama tsayayyen ƙarfe kawai da shamuwa ke sheƙa a kai, a takarda kuma garin yana cikin masu sabis. Ya fi dacewa a riƙa biyan tallafin kashi-kashi na tsawon shekaru, gwargwadon kwanakin da ƙarfen ya yi yana aiki, abin da na'ura ke iya nunawa ba tare da gardama ba, kuma a riƙa wallafa sakamakon kowa ya gani.

Matsalar tsaro ta zo ta ƙara dagula al'amarin, kuma a Arewa ba a iya raba zancen biyu. A 2012 'yan Boko Haram sun kai hare-hare kan turakun sadarwa a arewa maso gabas, a 2013 kuma hukumomi suka katse layuka a Borno da Yobe da Adamawa lokacin dokar ta-ɓaci. A watan Satumbar 2021 aka kashe sabis a jihar Zamfara baki ɗaya, sannan aka faɗaɗa matakin zuwa wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna, da nufin raba 'yan bindiga da masu kai musu bayanai. Ina tuna yadda makonnin nan suka kasance a nan Legas. Mutane sun koma rubuta wasiƙa suna bai wa direbobin manyan motoci, na ga dattijo a tasha yana roƙon wani yaron mota, "Ɗana, don Allah idan ka isa ka tambaya mini ko suna raye." An yi rasuwa an binne ba a ji ba sai bayan kwanaki. Dalilin da hukumomi suka bayar ba abin wasa ba ne, domin da waya ake cinikin kuɗin fansa, amma da waya ɗin dai ƙauye yake sanar da maƙwabcinsa cewa an ga babura sun nufo shi. Akwai kuma illar da ke biyo baya a ɓoye: ƙarfen da ya yi watanni a kashe ba mai gadi ba mai kai masa mai, ba a tayar da shi da danna maɓalli ɗaya, sau da yawa sai an tarar an kwashe batura da wayoyi, kuma babu injiniyan da zai shiga daji gyara idan ba shi da tabbacin komowa. Umarnin da shugaban ƙasa ya sa wa hannu a 2024, wanda ya sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ke karewa, mataki ne mai kyau, sai dai a ƙauye abin da ke kare ƙarfe shi ne mutanen garin su ɗauke shi nasu.

Abin da ke ba ni ƙwarin gwiwa shi ne fasaha ta rage tsadar abin sosai. Yanzu akwai ƙananan turaku masu aiki da sola da batura kaɗai, ba janareta ba tankar mai, waɗanda ake kafawa cikin 'yan kwanaki su ɗauki gari ɗaya da kewayensa, kuma inda babu fayiba ko wani ƙarfe a kusa sai a haɗa su ta tauraron ɗan'adam. Akwai kamfanonin da sana'arsu ke nan, su kafa da kuɗinsu, su ɗora layin babban kamfani, a riƙa raba abin da aka samu. Idan aka haɗa wannan da tsarin da zai bar layin kowane kamfani ya hau ƙarfe ɗaya a wuraren da ba za su iya ciyar da biyu ba, garuruwa da yawa da lissafi ya ƙi a da za su shigo ciki. Starlink, wanda ya fara aiki a Najeriya a watan Janairun 2023, ya sa wasu na ganin an gama da matsalar, amma kuɗin na'urarsa dubban ɗaruruwan naira ne, ga kuɗin wata, ga bukatar wuta. Yana da amfani ga asibiti ko makaranta ko a matsayin igiyar da ke ciyar da ƙaramin turke, amma tsohuwar da ke riƙe da ƙaramar waya mai tocila ƙarfe take bukata a kusa da ita.

Wannan ƙaramar waya kuwa ya kamata masu tsara manufofi su riƙa tunawa da ita. Isowar sabis ba ta nufin kowa ya shiga, domin babbar waya ta yi tsada, caji sai an kai shagon mai janareta an biya, rajistar layi kuma tun Disambar 2020 sai da lambar NIN, wadda samunta kan bukaci tafiya zuwa hedikwatar ƙaramar hukuma, kuma mata ne suka fi cutuwa da wannan. Abin da mafi yawan mutanen karkara ke yi da waya shi ne kira da tura kuɗi ta lambobin da ake dannawa, kuma a irin wannan ƙaramar waya duka biyun a kan tsohon tsarin 2G suke tafiya. Ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ya nuna haka ƙarara, lokacin da garin da ke da sabis ya ci gaba da ciniki ta tiransifa, wanda ba shi da shi kuwa kasuwarsa ta tsaya cik. Don haka duk ranar da aka fara maganar kashe tsofaffin tsare-tsare domin a ba sababbi wuri, sai a fara tambayar wayar da ke hannun mutanen ƙauye. Haka kuma taswirar da ke cewa an rufe kaso kaza na jama'a, inda mutane ke kwana take ƙirgawa, ba ta ƙirga gona da fadama da burtali da doguwar hanyar da tirela ke bi daga Jebba zuwa Mokwa zuwa Tegina, alhali a irin waɗannan wurare ne mota ke lalacewa, a nan ne kuma mutum ya fi bukatar a ji muryarsa.

Hedikwatocin MTN da Airtel da Globacom duk a Legas suke, tsakanin Ikoyi da Victoria Island, tafiyar da ba ta kai yini ba daga rumfar dillalin albasan nan. Ƙungiyoyin 'yan kasuwarmu da na ci gaban garuruwa suna da abin da masu zana taswira a ofis ba su da shi, domin sun san ranar da kowace kasuwar ƙauye ke ci, da yawan motocin da ke lodi a cikinta, da adadin 'yan garin da ke ci-rani a kudu waɗanda za su riƙa kira kullum. Bukatar da aka rubuta da irin waɗannan bayanai, tare da alkawarin fili daga mai gari da masu gadi daga matasan garin, aka miƙa wa kamfani da asusun USPF da ɗan majalisar yankin a lokaci ɗaya, ta fi ƙorafin da ake yi a majalisar shayi nauyi nesa ba kusa ba. Na faɗa wa dillalin haka, ya ce shekara uku ke nan suna tara kuɗi a ƙungiyar garinsu domin gyaran masallacin Juma'a da rijiya, amma ba su taɓa sa batun sabis a ajanda ba, saboda sun ɗauka abu ne da sai an ga dama ake kawowa. Ya ce zai gabatar da shi a taronsu na ƙarshen wata a Agege, sannan ya duba agogo ya jawo ƙaramar wayarsa kusa, domin an idar da la'asar kuma ƙanen nasa ya kusa isa kan tudu.